Wa Zai Yi Jinyar Waɗanda Suka Dawo Daga Daji?

Tun da aka ƙulla sulhu a Birnin Gwari a ƙarshen shekarar 2024, aka sake buɗe kasuwar shanu, muke yi wa Allah godiya a kan mumbari. Sai dai akwai ciwon da sulhu bai warkar ba. A ƙauyukan da daji ya kewaye a masarautar, za ka tarar da magidancin da aka fanso daga hannun 'yan bindiga, ya dawo da ƙafafunsa, amma barci ya ƙaurace masa. Da ya ji ƙugin babur sai jikinsa ya ɗauki ɓari. Za ka tarar da matar da ta daina magana tun ranar da aka kashe mijinta a gabanta. Irinsu ne dangi ke kawo mana bayan sallar Asuba, su ce: "Malam, a taimaka da ruƙya, iska ce."

Muna yin addu'a, domin ba ta faɗuwa ƙasa banza. Amma amanar ilimi ta wajabta mana faɗar gaskiya: da yawansu, tare da addu'ar, suna buƙatar ma'aikacin jinya wanda ya karanci lafiyar ƙwaƙwalwa.

Likita yakan duba majinyaci na ɗan lokaci, ya rubuta magani. Nas ce ke kwana da shi. Ita ke zama ta saurari wanda kowa ya gaji da saurarensa, ta lura ko ya ci abinci, ko ya runtsa, ko maganarsa ta fara karkata ga son hallaka kansa. Wasu magungunan kan sa rawar hannu, ko sandarewar wuya, ko dalalar miyau. Ita ke ganewa da wuri ta sanar da likita, kafin dangi su tsorata su zubar da maganin. Ita ke nuna wa uwa cewa samun sauƙi ba dalilin daina shan magani ba ne, kuma idan Ramadan ya kama, a tuntuɓi likita kafin a sauya lokacin sha. Wani majinyacin ya zage ta da safe, da yamma ya nemi gafararta yana kuka. Duk da haka sai mu ji ana cewa mai jinyar masu taɓin hankali shi ma yakan taɓu, har a ƙi auren yarinya don can take aiki. Wannan jahilci ne, ba mu da wani suna da za mu ba shi.

Magabatanmu ba su ƙyamaci aikin ba. Kiyaye hankali na cikin abubuwa biyar da Shari'a ta zo don tsarewa, kuma wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, nauyinsa ya koma wuyanmu. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya yi bayanin tsoro da baƙin ciki da waswasi a matsayin cututtukan da ake yi wa magani. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu taɓin hankali. Mu kuwa, a watan Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300 daga wani gida a Rigasa, wasu ɗaure da mari, kuma da sunan gyaran tarbiyya aka kai su. Iyaye ne suka kai da yawansu, don ba su san wata ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba.

Ƙofar tana nan. A Barnawa cikin Kaduna akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya, da makarantar horar da ma'aikatan jinya a wannan fanni. Akwai irin asibitin a Kware ta Sakkwato, da na Dawanau a Kano. Ɗalibi yakan kammala karatun jinya na gama-gari, ya sami rajista, sannan ya ƙara wannan ƙwarewa. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tabbatar wa majinyaci haƙƙinsa na mutunci.

Ya ku ɗalibai, muna ganin wannan karatu farillar kifaya ce a kan mutanen ƙasarmu. Daga Birnin Gwari zuwa Barnawa ya haura kilomita 100, manomin da ya sayar da gonarsa ya biya fansa kuwa ba shi da kuɗin motar kowane wata. Wasu majinyatan allura ɗaya a wata ce ke riƙe da su. Da akwai ɗan gari ko 'yar gari mai wannan horo a asibitin kusa, mai jin harshensu, wanda ya san abin da ya faru a dajin, da a nan za a yi musu ita, su koma gida kafin Azahar.