Ko ka sani? Sabuwar taya guda ɗaya na iya wahalar da motar da ke ja da ƙafa huɗu

A gindin wata darbejiya a bakin titi, inda wani mai faci ya kafa injin iskarsa da bahon baƙin ruwan da yake tsoma taya, na tarar ana ja-in-ja. Wani dattijo ne da Honda CR-V ƙirar 2008, ga 4WD rubuce a bayanta. Ƙarfe ya yage masa gefen tayar baya, irin yagewar da faci ba ya kamawa, ya aiki yaro ya sayo sabuwa dal daga shago. Mai facin ya durƙusa, ya cusa farce cikin zanen sauran ukun, ya girgiza kai.

"Alhaji, in za ka ji tawa, kada mu ɗaura wannan ita kaɗai. Sauran sun ci fiye da rabi."

"Kai yaro, ɗaya ce ta fashe, huɗu za ka sa ni saya? Ko kun haɗa baki da mai shagon ne?"

Da ni ne ma zan yi wannan zargin, don kuɗin taya yanzu ba abin wasa ba ne. Amma mai facin ne da gaskiya, ko da yake iyakar hujjar da ya iya kawowa ita ce "motar ba ta so". To me ya sa ba ta so?

A gefen tayar irin wannan mota za ka ga an rubuta 225/65 R17. Lambar farko faɗin taya ne, milimita 225. Ta biyu tana cewa tsayin gefen taya kashi 65 cikin ɗari ne na wannan faɗin. Ta ƙarshe girman wili ne, inci 17. In ka haɗa lissafin, tsayin tayar daga ƙasa zuwa sama ya kai milimita 724, zagayenta kuma kusan milimita 2,275. Wato kowane juyi ɗaya yana cin mita biyu da kwata da ɗan ɗori, a kilomita guda kuwa sai ta juya kusan sau 440.

Wannan lissafin sabuwa ne, mai zurfin zane kusan milimita 8. Tayar da ta sha kwalta har zanenta ya rage milimita 3 ta yi asarar milimita 5 ta kowane gefe, 10 ke nan a tsayi, fiye da milimita 30 a zagaye. Lambar da ke jikinta ba ta canja ba, har gobe 225/65 R17 ce, amma ta zama ƙaramar taya. Kafin ta cinye kilomita ɗaya sai ta yi juyi kusan shida fiye da sabuwar. Shida ba wani abu ba ne a kunne. Ninka shi da tafiyar Kano zuwa Kaduna, kilomita 230 ko kusa da haka, za ka sami bambancin juyi wajen 1,400 tsakanin ƙafafu biyu na mota guda, a miƙaƙƙen titi, ba santsi, ba taɓo.

Motar da ke ja da ƙafafun gaba kawai, irin Corolla ko Camry da muka saba da su, bambancin gaba da baya bai dame ta ba. Tayoyin baya bi kawai suke yi, kowacce ta juya yadda ta ga dama. Mai ja da huɗu ba haka take ba, domin akwai farfela da ta ratsa ƙarƙashinta ta ɗaure gaba da baya. Manomin da ya taɓa haɗa bijimi mai dogon ƙafa da gajere a garma ɗaya ya san yadda abin ke ƙarewa: karkiya ce ke shan wahala, da wuyan dabbobin.

Masu ƙera mota sun san tayoyi huɗu ba sa juyi daidai a kowane lokaci. In ka sha kwana, tayar waje tana yin tafiya mai tsawo fiye da ta ciki, na gaba kuma suna zagaye mafi faɗi fiye da na baya. Saboda haka aka yi difarenshiyal, wanda kanikawanmu kan haɗe shi da sauran kayan wurin su ce aksul: wasu ƙananan giyoyi ne masu bai wa ƙafafu biyu damar juyawa da gudu mabambanta alhali injin ɗaya ke tura su. Mai ja da huɗu tana buƙatar wani abin na uku a tsakani, wanda zai sasanta gaba da baya, kuma shi aka ɗora wa aikin gane lokacin da wata ƙafa ta fara zamewa. Ba shi da ido. Ba ya ganin laka, ba ya ganin yashi. Abu ɗaya yake iya ji, wato wannan ɓangare ya fi wancan saurin juyi.

Dubi yadda Honda ta yi nata a CR-V daga ƙirar farko har zuwa ta 2011. A cikin aksul ɗin baya akwai famfunan mai guda biyu. Ɗaya farfelar da ta taho daga gaba ke juya shi, ɗayan kuma ƙafafun baya. Muddin gudunsu ɗaya, man da wannan ya tura wancan ke kwashewa, ba abin da ke faruwa, motar tana tafiya da ƙafafun gaba abinta. Da zarar gaba ya fi baya gudu, sai mai ya taru ya yi ƙarfi, ya matse faifan kuloci, ƙarfin inji ya ratsa zuwa baya. Babu kwamfuta a ciki, babu maɓalli. Dabara ce mai ban sha'awa, kuma a nan matsalar Alhaji take. Doguwar taya a baya tana rage wa baya juyi, gaba ya zama kullum yana ɗan gabansa. An bar wa na'urar 'yar tazara don kada kowane ƙaramin bambanci ya tashe ta, amma in ratar ta yi yawa kulocin zai riƙa gogawa a kan busasshiyar kwalta, mai ya yi zafi, faifan su ci. Kwana daƙiƙa kaɗan ce ta wuce. Wannan kuwa, a tafiyar Kano zuwa Kaduna, awa uku ne ba hutu.

Lexus RX 300 ta farko mai ja da huɗu, wadda har yau take cike da titunanmu, wata hanyar ta bi. Nata wani rufaffen gwangwani ne cike da faifai masu ramuka, jere kamar faranti, suna iyo cikin ruwan silikon mai kauri. Rabin faifan na haɗe da gaba, rabi da baya. In gudu ya bambanta sai faifan su riƙa yanka ruwan, ya ja su tare. Yankan nan zafi yake haifarwa, kuma in zafin ya zama na kullum ruwan kan lalace. Daga nan ko dai gwangwanin ya daina kamawa, ko ya kame ya ƙi saki, direba ya fara jin motar tana turjewa tana tsalle in ya karya sitiyari duka zai shiga gida. Sababbin motoci kuwa, irin RAV4 daga 2006, kwamfuta ce ke karanta juyin kowace ƙafa ta na'urorin da burkin ABS ke amfani da su, ta umarci kulocin lantarki ya kama. Ita ma da lissafin juyi take aiki, don haka taya mai girma dabam na iya rikita mata lissafi.

Ba duka motoci ne haƙurinsu ɗaya ba, littafin kowace mota shi ne alƙali. Subaru, wadda ta fara sayar da ƙaramar mota mai ja da huɗu tun 1972, ta yi suna wajen tsanani: abin da aka sani a kanta shi ne kada zagayen tayoyin huɗu ya bambanta da fiye da rubu'in inci, kusan milimita 6. Ka tuna ratar da muka lissafa a sama ta haura 30. Shi ya sa a Amurka wasu dillalan taya, irin su Tire Rack, suke da injin aske sabuwar taya. Ka biya kuɗin sabuwa, ka ƙara biyan ladan aski a kankare mata zane har ta yi daidai da tsofaffin. Da farko na ɗauka almubazzaranci ne, sai da na kwatanta shi da kuɗin taya huɗu.

Mu da ba mu saba ganin injin aski ba, muna da tef ɗin tela. A daidaita iskar tayoyin duka, a ɗaga ƙafa da jak, a zagaya tef ta tsakiyar zanen, a rubuta, a yi wa sauran haka. Aikin minti goma ne. In tsofaffin ukun ba su yi nisa da ci ba, motar ba ta daɗe da shan sababbi ba, ɗaya ta wadatar, amma ta zama kamfani ɗaya, samfuri ɗaya. Wannan sharaɗin ba na ado ba ne: kamfanoni biyu kan rubuta lamba iri ɗaya a gefe amma tef ya nuna ba tsayinsu ɗaya ba. In ratar ta yi yawa, zaɓi biyu ya rage, ko huɗu sababbi, ko a nemo wadda aka yi amfani da ita mai samfuri da zurfin zane irin na sauran. Sayen biyu a sa a aksul ɗaya yana gyara tsakanin dama da hagu, amma bai taɓa ratar gaba da baya ba, wadda ita ce ke cin na'urar tsakiya. Garin neman gira kada a rasa ido.

Maganar tsohuwar taya kuwa sai an yi hattara, don nan ne kasuwarmu ta fi zurfin rami. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta daina yi a Legas a 2008, abin da muke ɗaurawa kusan duk daga waje yake zuwa, kuma duk da cewa tsofaffin tayoyi na cikin jerin kayan da kwastan ta hana shigowa da su, irinsu da ake kira 'yan Baljiyam ba su yanke a kasuwa ba. Ka nemi rubutun da ya fara da DOT, ka duba lambobi huɗu na ƙarshe. In ka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba. Michelin da kanta tana cewa daga shekara biyar a riƙa kai taya ana dubawa duk shekara, in ta kai goma a sauke ta ko da zanenta na nan. Zafin ƙasarmu kuma ba ya tausaya wa roba.

Akwai wata da ta fi yaudara. Za ka ga taya mai zane cike, da 'yan tsage-tsage sirara kamar an yi mata bille, a gefenta hoton dutse mai kai uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a ciki. In robarta ta hunturun Turai ce zalla, an haɗa ta ne don ta yi laushi a sanyin da ya gaza digiri 7. Ɗaura ta a watan Afrilu, lokacin da Sakkwato ko Maiduguri ke haura digiri 40, sai ta riƙa narkewa kamar sabulu a kwata. In guda ɗaya ce cikin huɗu, ko da yau tef ya ce daidai suke, nan da 'yan watanni ta riga sauran suɗewa, an koma gidan jiya.

Sauran rubutun ba shi da wuya. Bayan girman za ka ga wani abu kamar 102T. Lambar 102 na nufin kowace taya na ɗaukar kilo 850, T kuma gudun kilomita 190 a awa, H 210, V 240. Kada ka sauka ƙasa da abin da aka rubuta a takardar da ke manne a ƙofar direba. A takardar ne kuma adadin iska yake, ba babbar lambar da ke jikin taya ba, wadda iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Masu faci da yawa kan ɗura 40 ko fiye su ce haka ya fi ƙarko. Taya ɗaya mai ƙarancin iska gajeriya ce ita ma a wajen motar, don haka geji na aljihu yana da amfani, a auna da safe kafin a fita. Siririyar safayar nan da ke ƙarƙashin but, wadda aka rubuta wa kilomita 80 a awa, ta kai ka wurin mai faci ce, ba ta zuwa ƙauye a dawo ba. Kuma a riƙa sauya wa tayoyin wuri, na gaba su koma baya, duk kilomita dubu takwas zuwa goma, don su suɗe tare.

Na san maganin da wasu kanikawa ke bayarwa in aksul ya fara gurnani: a kwance farfela a jefa a but, shi ke nan. Gurnanin kan tafi, gaskiya ne, amma ka biya kuɗin mai ja da huɗu kana tuƙa mai ja da biyu, ranar da damina ta cinye hanyar unguwarku za ka tuna. A wasu motocin ma, masu raba ƙarfi ta difarenshiyal na tsakiya, cire farfelar jibga wa na'urar tsakiyar dukan aikin yake yi. Masu Hilux da ake saka wa giyar ƙafa huɗu da hannu lamarinsu dabam ne: a kwalta da ƙafafun baya suke tafiya, gaba a sake, sai an shiga yashi ko laka a haɗa.

Can gindin darbejiya, tela na kusa ya ba da aron tef, yana tsaye yana jiran kayansa. Mai faci ya zagaya sabuwar, ya zagaya tsohuwar ɗaya gefen, ya kama wurin da babban yatsa ya miƙa wa Alhaji. Santimita uku ne, har da 'yar ɗoriya. Alhaji ya gyara tabarau ya duba, ya sa aka sake aunawa a gabansa, ya yi shiru.

"To yanzu ya za a yi?"

"Ranka ya daɗe, akwai irin taka a wajen maƙwabcina, kamfani ɗaya, ta 2022, cinta kamar na sauran. A sa ta ta riƙe ka zuwa bayan salla, sai ka sauke huɗun gaba ɗaya."

Aka mirgino ta, aka tsoma a baho ba ta yi kumfa ba, aka zagaya mata tef. Yaron da ya sayo sabuwar ya rataya ta a kafaɗa, ya hau bayan babur da rasit a baki, ya nufi shago ya ji ko za a karɓa.