Shin Ko Kun San? Tsuntsun Morishus Da Ya Ƙare Cikin Shekara 64

Shin ko kun san cewa akwai tsuntsun da aka fara rubuta labarinsa a 1598, aka kuma yi masa ganin ƙarshe a 1662? Dodo ake kiransa, ba kuwa dodon tatsuniya ba. Duk faɗin duniya babu inda ya taɓa zama sai tsibirin Morishus, can cikin tekun Indiya, kimanin kilomita 900 gabas da Madagaska. Tsayinsa bai kai mita guda ba, nauyinsa kuwa tsakanin kilo 10 ne zuwa 18. Ga ƙaton kai, ga baki mai lanƙwasa a ƙarshe, ga ƙafafu masu kauri, sannan ga wasu 'yan fukafukai da ba sa iya ɗaga shi ko taƙi ɗaya daga ƙasa.

Shin ko kun san cewa wannan jibgegen tsuntsu ɗan gidan tattabara ne? Wani masani ɗan Denmak, Johannes Reinhardt, shi ya fara faɗin haka a 1842 bayan ya duba wani ƙoƙon kan dodo da ke birnin Kopenhegen, aka yi ta yi masa kallon mai wasa da hankali. A 1848 Strickland da Melville suka fitar da littafi a Ingila suka mara masa baya. Gardamar ba ta mutu murus ba sai 2002, lokacin da Beth Shapiro da abokan aikinta a jami'ar Oxford suka binciki ƙwayoyin halittarsa. Danginsa mafi kusa da ke raye yau wata tattabara ce mai ƙyalli da ake samu a tsibiran Nikoba da kudu maso gabashin Asiya. Kakannin dodo da fiffike suka iso Morishus. Suka tarar da 'ya'yan itace zube a ƙasa, babu kura, babu damisa, babu ko muzuru, dabba mai shayarwa ɗaya tilo a kan tudu ita ce jemage. Tashi sama aiki ne mai cin ƙarfi. Da buƙatarsa ta kau, sannu a hankali jiki ya yi nauyi, fiffike ya tsuke.

Larabawa matuƙa jiragen ruwa da mutanen Fotugal sun riga kowa sanin tsibirin, amma ba su zauna ba. Mutanen Holan ne suka sauka a 1598 ƙarƙashin Wybrand van Warwijck, suka raɗa wa wurin sunan yarimansu Maurits, suka kuma rubuta abin da suka gani.

Shin ko kun san cewa naman dodo bai ma yi musu daɗi ba? Rahoton farko ya ce yadda ka ƙara dafa shi haka yake ƙara tauri, shi ya sa suka fi son kurciyoyin tsibirin. Wannan bai hana a ci ba, don wanda ya yi watanni a teku yana fama da busasshen burodi ba ya zaɓen nama. Mutanen wani jirgi a 1602 sun kama fiye da ashirin a rana guda, suka ci kaɗan, suka barbaɗe sauran da gishiri don guzuri. Tsuntsun ba ya gudun mutum, da sanda ake zuwa a kwaɗe shi.

Daga nan ne aka laƙaba masa wauta, har yau Turawa na misali da shi in za su zagi dolo. Ni dai a ganina wannan ƙazafi ne, irin na in ɓera da sata daddawa ma da wari. Wanda bai taɓa ganin maharbi ba, a ina zai koyi tsoronsa? A 2016 Eugenia Gold ta auna cikin ƙoƙon kan dodo da na'urar ɗaukar hoton ƙashi, ta gano girman ƙwaƙwalwarsa daidai yake da na sauran tattabaru in aka yi la'akari da girman jiki, ɓangaren jin ƙanshi ma ya fi nasu girma. Tattabara kuwa kowa ya san ba wawuya ba ce, tunda har wasiƙa an aika ta da ita. A 2017 kuma Delphine Angst ta yanka siraran ɓangarori na ƙasusuwansa, ta karanta tsarin rayuwarsa a ciki: yana saka ƙwai wajen watan Agusta, 'yan tsaki su yi saurin girma kafin guguwar teku ta fara dukan tsibirin daga Nuwamba, sannan ya sake gashi wajen Maris. Tsuntsu ne da ya san ƙasarsa sarai.

Shin ko kun san cewa ba tukunya ce ta fi cinye dodo ba? Mutanen Holan ba su kafa mazauni ba sai 1638, kuma ba su taɓa yin yawan da za su karaɗe dazukan tsibirin da farauta ba. Abin da ya kawo su itace ne, wani baƙin katako mai tsada, ɗan uwan kanyar da muka sani. Ɓarnar gaske ta fito ne daga cikin jirage da ƙafa huɗu: ɓeraye, aladu, birai, maguna, awaki da barewa. Dodo a ƙasa yake sheƙa, kuma wani matafiyi Bafaranshe, François Cauche, ya ruwaito cewa ƙwai ɗaya tak yake sakawa. Alade ya tono sheƙa ya shanye ƙwan, biri ya ɗauke ɗan tsako, ɓera ya bi dare, awaki su cinye tsiron da ya rage. Manyan tsuntsaye suna nan suna yawo, amma babu na baya masu tasowa. Mai kallo daga bakin teku ba zai ga komai ya canza ba sai ranar da tsofaffin suka mutu.

Labarin ganin ƙarshe ma ya nuna haka. A 1662 jirgin Arnhem ya nutse, wani matuƙi mai suna Volkert Evertsz ya tsira zuwa Morishus. Bai ga dodo a babban tsibirin ba, sai a wani ɗan tsibiri na gefe da ruwa ya raba da tudu. Ya ce in ka riƙe ɗaya a ƙafa sai ya yi kuka, sauran su rugo kawo masa ɗauki, su ma a kame su. Wani lissafi da aka yi a 2003 ya nuna mai yiwuwa 'yan kaɗan sun kai wajen 1690, amma bayan Evertsz babu wata shaida da masana suka haɗu a kanta.

Shin ko kun san cewa dodo ya je fadar sarki a Indiya? Ustad Mansur, mai zanen Sarki Jahangir na daular Mugal, ya zana shi wajen 1625 a tsakiyar wasu tsuntsaye, kuma ana ganin zanensa na cikin waɗanda suka fi kama da gaskiya, don mai rai ya kalla. Zanen da duniya ta fi sani kuwa, na Roelant Savery na 1626, wani ƙato ne mai teɓa da kamar ba zai iya taku uku ba. Ƙasusuwa sun ƙaryata wannan siffa. An kai wani dodo Landan, inda Hamon L'Estrange ya gan shi wajen 1638 mai shi yana ba shi duwatsu yana haɗiyewa don nishaɗin 'yan kallo, abin da kowace kaza ke yi da tsakuwa don ƙundunta ya niƙa abinci. An aika da wani har Nagasaki ta Japan a 1647.

Duk da wannan yawo, babu cikakken dodo ko ɗaya a gidan tarihin duniya. Wanda aka cusa wa ciyawa aka ajiye a Oxford ya rube, a 1755 aka ceci kai da ƙafa ɗaya kawai. Wannan kan shi kaɗai ne ya rage da fata a jikinsa. Da aka haska shi a jami'ar Warwick, a 2018 aka sanar da cewa akwai ƙwayoyin dalma na bindiga a ƙeyarsa da wuyansa. Harbe shi aka yi.

Abin ya kai har wasu masana suka fara cewa tsuntsun ƙagen matuƙa ne. Wanda ya fito da tulin ƙasusuwansa malamin makaranta ne a garin Mahébourg, George Clark, wanda ya yi shekaru yana nema. A 1865 ya sa leburori suka shiga wata fadama mai suna Mare aux Songes, suna laluben laka da ƙafa, suka dinga fito da ƙasusuwa. Kwarangwal mafi cika na tsuntsu guda kuwa wani mai aski ne a Port Louis, Etienne Thirioux, ya tono shi wajen 1904, a lokutan da ba ya shago. Da aka koma fadamar a 2005 aka tarar da tulin ƙasusuwan dodo da na manyan kunkuru da suka mutu a wani mummunan fari kimanin shekara 4,200 da suka wuce. Wancan farin bai ƙarar da shi ba.

Ba shi kaɗai ya tafi ba. Manyan kunkurun tsibirin sun ƙare, haka ɗan uwan dodo na tsibirin Rodrigues, wanda François Leguat ya zauna kusa da shi daga 1691 zuwa 1693, bai ga ƙarshen ƙarni na 18 ba. Wani ɗan shahon Morishus ya sauko har guda huɗu a 1974 kafin Carl Jones da abokan aikinsa su ceto shi, yanzu ana ƙirga shi da ɗaruruwa.

Shin ko kun san cewa ana son dawo da dodo? Yana nan a tambarin ƙasar Morishus, wadda ta sami 'yancin kai daga Ingila a 1968, amma wani kamfanin Amurka, Colossal Biosciences, ya ce hoto bai isa ba. A 2023 ya sanar da shirin gyara ƙwayoyin halittar tattabarar Nikoba su yi kama da na dodo, a kuma sa kaji su ɗauki nauyin ƙwan. Ko an dace, abin da zai fito tattabara ce da aka yi wa kwaskwarima, kuma inda za a sake ta ɗan abin da ya rage na asalin dajin bai taka kara ya karya ba, rake ya cinye filin. Ɓeraye da aladun daji suna nan. Birai kuwa sun yi yawan da Morishus ta zama ɗaya daga cikin manyan masu sayar da su ga ɗakunan gwajin magani na Turai da Amurka.