Kafin Mu Sayi Kyamara: Kayan Ɗaukar Bidiyo da Suka Dace da Bakin Ruwanmu



A zangon karatun da ya wuce, mu uku daga wannan kulob muka ari waya muka nufi bakin ruwa domin hira da wani dattijo masunci. An haife shi ne a wani gungu da ruwa ya shanye tun kafin a haifi iyayenmu. Ya kwashe kusan minti 40 yana ba mu labarin garinsu da ranar da suka bar shi. Da muka dawo muka kunna, hoto tar, har furfurar gemunsa ana iya ƙirgawa. Amma ba abin da ake ji sai hucin iska da ƙarar injin jirgi. Kunya ta hana mu komawa mu ce masa, "Baba, a sake."

Yanzu da ake shawarar abin da za a saya da ɗan kuɗin da kulob ya tara, kusan kowa cewa yake a sayi kyamara. Wannan rubutu zai bayyana dalilin da ya sa ya kamata kyamara ta zo ƙarshe, bayan makirufo, da mariƙi, da wuta, da ma'ajiya.

Me za mu ɗauka?

Aiki shi ke zaɓen kayan aiki. Abubuwa biyu ne a gabanmu. Na farko hira da dattawa. An kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, kuma tafkin da ya taru ya sa an tashi mutane sama da 40,000 daga garuruwansu da gungunansu. Yaron da yake ɗan shekara 10 a lokacin yanzu ya haura 65. A Yawuri da Ngaski da Shanga akwai masu jin Gunganci da Kambarci da Shanganci, kuma yara da yawa a gidajensu Hausa kaɗai suke ji. Muryar waɗannan dattawa ba za ta jira mu ba. Na biyu shi ne abin kallo: bikin Rigata da tseren kwale-kwale, da cin kasuwar kifi, da wasannin makaranta. Hira tana buƙatar sauti mai kyau, tsere kuwa yana buƙatar kyamarar da za ta jawo nesa kusa.

Sauti ne farko

Mutum zai iya jure kallon hoto mai ɗan dishi-dishi, amma idan ba ya jin abin da ake faɗa, nan take zai kashe. Malamanmu na Fiziks sun koya mana cewa idan nisa ya ninka sau biyu, ƙarfin sautin da ke isowa yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Wayar da ke nesa da mai magana da mita 2 tana jin iska da inji fiye da yadda take jin sa. Maganin abin shi ne a kai makirufo kusa da bakinsa.

Mafi sauƙin kuɗi shi ne ƙaramin makirufon da ake maƙalawa a wuyan riga, kamar taƙi ɗaya daga baki. Akwai mai igiya, akwai marar igiya. Mai igiya ya fi arha, ba ya yankewa, kuma ya ishe mu hira a zaune. A duba bakinsa kafin a biya: wanda ke da zobba baƙaƙe 3 na waya ne, mai zobba 2 kuwa na kyamara ne. Wasu sababbin wayoyi ba su da ramin iyafis, sai an haɗa da ɗan abin da ke shiga ramin caji. A je shago da wayar, a gwada a gaban mai kaya.

Soson da ke zuwa da makirufo ba ya tare iskar tafki. A nemi 'yar hular gashi da ake sa masa. In ba a samu ba, tela zai iya ɗinka ta da ƙyalle mai gashi. Sannan a zaunar da mai magana a inda bango ko bishiya ko jikin jirgi ya tare iska, a jira injin ya wuce. Kafin a fara hirar sosai, a ɗauki daƙiƙa 20, a saurara da iyafis. Da mun yi haka ranar nan da ba mu yi asara ba.

Wata dabara: a sa wayar ta biyu a aljihun mai magana tana ɗaukar murya kawai. A tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara, domin wajen tacewa a daidaita hoton tafin da ƙararsa.

Mariƙi da haske

Hannu yana rawa, musamman bayan minti 5. Mariƙi mai ƙafa uku da maƙalin waya ya fi kowace sabuwar kyamara gyara hoto. Kafinta ma zai iya yin sa da katako. A riƙa kwantar da wayar idan a talabijin ko YouTube za a nuna, a tsayar da ita idan na TikTok ne ko sitatus.

Haske kuwa kyauta ne, sanin lokacinsa ne aiki. Yelwa da Wara suna gabas da ruwa, saboda haka wanda ya tsaya a gaɓa yana kallon ruwa yamma ya fuskanta. Da safe rana tana bayansa, fuskokin matuƙa da launin jirage suna fita sosai. Da la'asar rana tana cikin idon kyamara, mutane sai su koma baƙaƙe kamar inuwa. Da tsakar rana ƙyallin ruwa yana ruɗa waya, ta duhunta fuska. A irin wannan lokaci a danna fuskar mutumin a gilashin wayar a riƙe har hasken ya kulle, kuma a yi hira a inuwa.

Wace kyamara?

Iri uku ne za mu iya tunani a kansu.

Waya. Duk wadda ke ɗaukar 1080, wato ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, ta ishe mu hira da rahoton makaranta. Kada yawan megafiksel da aka rubuta a kwali ya ruɗe mu, domin hoton 1080 gaba ɗayansa ɗigo miliyan 2 ne da 'yan kai. Rauninta shi ne jawo nesa: yawancin wayoyi faɗaɗa hoton kawai suke yi har ya farfashe. Tana kuma yin zafi a rana ta tsaya. A wayoyin Android, manhajar Open Camera kyauta ce, kuma tana ba da damar zaɓar makirufon waje da kulle haske.

Kyamarar bidiyo ta hannu, irin ta masu ɗaukar biki. Gilasanta ne ke motsawa su jawo abu, wasu har ninki 20 ko 30, hoton bai lalace ba. Ita ce ta dace da tseren Rigata, inda jirage ke tsakiyar ruwa mu kuma muna gaɓa. A tabbatar tana da ramin makirufo, domin ƙanana da yawa ba su da shi.

Kyamarar da ake canza wa gilashi, kamar na Canon da Sony da Nikon. Hotonta ya fi kyau, amma gilashi daban ake saye, batiri ba ya daɗewa, kuma duk sanda aka buɗe ta a cikin ƙurar hunturu, ƙura na iya shiga cikinta. Gyara kuwa sai an kai babban birni. Wannan ba tamu ba ce a yanzu.

Shawara ita ce mu ci gaba da waya, ranar Rigata kuma mu ari ko mu yi hayar kyamarar hannu. Kada wannan ya sa mu raina kanmu. Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko, a kaset ya fito a Kano a 1990, kuma wayar da ke aljihun malaminmu ta fi kaset fitar da hoto. A Amurka an ɗauki fim ɗin Tangerine na 2015 da iPhone 5s. A Kaduna wasu matasa da ake kira The Critics sun yi suna a duniya a 2019 da gajerun finafinan da suka ɗauka da waya mai fasasshen gilashi.

Saiti biyu za a kula da su. A bar 4K, domin ɗigonta ya ninka na 1080 sau huɗu, tana cinye wuri, tana wahalar da na'urar tacewa. Sannan idan ana ɗauka a aji ƙarƙashin ƙwan lantarki aka ga hoto yana ƙyaftawa, a mayar da saiti hoto 25 a daƙiƙa, saboda wutar Najeriya tana bugawa sau 50 ne a daƙiƙa.

Wuta da ma'ajiya

Wuta ba kullum take ba, a bakin ruwa kuwa babu soket. Fawabanki mai 20,000 zai cika waya kamar sau uku. A caja komai tun dare, a sa waya a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse ɗauka.

Awa ɗaya ta bidiyon 1080 tana cin tsakanin giga 4 zuwa 8. Katin memori mai giga 64 ya isa aikin yini. A nemi mai alamar U3 ko V30, ma'ana yana iya rubuta megabait 30 a daƙiƙa. Jabun kati sun yi yawa: a rubuta 128 a jiki, cikinsa ko 16 bai kai ba, sai ya riƙa goge na farko yana ɗora na baya. A cika sabon kati da bidiyo, a kunna su duka, kafin a amince masa. Kowace hira a ajiye ta wuri biyu, a kwamfutar makaranta da kuma fulash a hannun malamin kulob. Kada a tura asalin bidiyo ta WhatsApp yadda aka saba, domin yana matse shi. A yi amfani da igiya, ko a tura shi a matsayin fayil.

Tacewa

A waya, CapCut da KineMaster da InShot suna yanka, su haɗa, su sa rubutu, kodayake wasu suna barin tambarinsu a kan hoton in ba a biya ba. A kwamfuta, DaVinci Resolve yana da na kyauta mai ƙarfi, amma yana son RAM giga 16. Tsohuwar kwamfuta ta fi jituwa da Shotcut ko Kdenlive, Audacity kuma na gyaran murya ne. Dukansu kyauta ne. Sai dai a sani, ba manhajar da za ta dawo da muryar da iska ta cinye.

Idan dattijo ya yi magana da Gunganci ko Kambarci, a bar muryarsa yadda take, a rubuta fassarar Hausa a ƙasa. A gwada salon rubutun da ƙ da ɗ da ɓ tukuna, domin wasu akwati suke nunawa a madadinsu. Kuma kada a ɗora kiɗa a kan maganar babba.

Ladabi da kariya

Ba a ɗaukar mutum sai da izininsa, yaro kuwa sai da izinin iyayensa. A gaya wa mai hira inda za a nuna bidiyon. A kauce wa wuraren wanka da wanki. Ba ɗalibin da zai shiga jirgi ba malami, ba rigar kariya, kuma ba a miƙewa tsaye a kwale-kwale don neman hoto. Waya a sa ta cikin leda mai zif, a ɗaura mata igiya a wuya.

Ga jerin da muke roƙon kulob ya duba a zamanmu na gaba: makirufon wuyan riga da hularsa, iyafis, mariƙi mai ƙafa uku, fawabanki, katin memori da fulash. Abin da ya rage a ajiye don hayar kyamara. Duk mai kaka ko kakan da ya ga tashin garuruwa a 1968 ya sanar da sakataren kulob. Mu ma mun yanke shawarar cire kunya mu koma wurin Baba, wannan karon da makirufo.

Allah ya ba mu sa'a, amin.