Mai Sana'a, Me Za Ka Rubuta Gobe? Nemi Amsa a Kalmomin Tambaya

 

Da yawa daga cikinku kuna taɓa 'yar sana'a a gefen karatu. Wani yana saro yadi daga Kantin Kwari, wata tana haɗa turaren wuta, kuma da ribar ake sayen littattafai da biyan kuɗin mota. To amma in an zo tallata hajar, sai ka riƙe waya ka rasa abin faɗa. Sai dai hoto da "akwai kaya, sai kun zo". Yau haka, gobe haka. Kafin mako biyu idon mutane ya saba, ba mai tsayawa ya duba. Kaya na jibge, jari a ɗaure.

Ka san inda gizo ke saƙar? Kana neman abin rubutu a cikin kanka, alhali yana bakin masu sayen kayanka. Duk tambayar da aka yi maka a wajen ciniki, batun rubutu ce guda. Hausa kuwa ta riga ta jera maka su a kalmomin tambaya. Mu gwada da mai sayar da shadda da atamfa.

Nawa? Kada ka tsaya ga farashi kawai. Ana tambayar "yadi nawa zai ishe ni?" Turmin atamfa yadi 6 ne, amma saurayin da zai haɗa lefe karon farko ba lallai ya sani ba. Babbar riga da 'yar ciki da wando kan ci shadda yadi 10, kaftani da wando kuwa kamar rabin haka.

Yaushe? Kowa ya san yadda ɗinki ke yi wa teloli yawa idan azumi ya yi nisa. Ka tunatar da mutane tun watan Sha'aban su sayi kayan sallah. Ka taimake su, kai ma ka yi ciniki da wuri.

Wane? Wane yadi ne ya dace da zafin bazara, wanne ne na hunturu?

Yaya? Yaya ake wanke shadda ba ta dushe ba? Yaya ake gane atamfa mai zuba?

Ina? Ina ake kai farar shadda rini? Ga labarin marinar Ƙofar Mata a Kano, ga na masu bugu da ke fito da ƙyallinta.

Wa? Wa za a saya wa? Abin da ya dace da amarya daban, na uwar miji daban.

Me ya sa? Me ya sa farashi ya tashi? Yawancin kayan nan daga waje ake shigo da su, don haka in dala ta motsa, su ma sai su motsa. Mai saye in ya fahimci haka, ba zai zarge ka da tsawwalawa ba.

Ka gani? Tambayoyi bakwai, ka samu abin rubutu na mako guda cur. In ka ƙare da shadda ka koma kan leshi, ka sake bin su daga farko.

Yanzu ga wurare uku da ake yawan tuntuɓe wajen rubuta su.

Na farko, bayan kalmar tambaya ana cewa "ake", "yake", "suke", "suka", ba "ana", "yana", "suna", "sun" ba. Daidai shi ne "Yaya ake wanke shadda?" Kuskure ne a ce "Yaya ana wanke shadda?" Haka nan "Yaushe teloli suka daina karɓar ɗinki?" ba "sun daina" ba.

Na biyu, "wane" da "wace" suna zuwa ne gaban suna: wane yadi, wace atamfa. "Wanne" da "wacce" kuwa su kaɗai suke tsayawa: "Ga shadda ga leshi, wanne kike so?" Jam'insu shi ne "waɗanne".

Na uku, in kana so ka mayar da tambayar ta zama kan rubutu, kowace kalma tana da abokiyar tafiyarta. "Yaya" ta koma "yadda", "ina" ta koma "inda", "yaushe" ta koma "lokacin da", "me" ta koma "abin da", "me ya sa" ta koma "dalilin da ya sa". Misali: "Yadda ake gane atamfa mai zuba". Lura, "abin da" da "lokacin da" a rabe ake rubuta su, "yadda" da "inda" kuwa a haɗe.

Sai dai fa a kiyaye. Kada ka rubuta abin da ba ka tabbatar ba don kawai ka cike gurbi. In ka ce wa mace atamfa ba ta zuba, ta je ta wanke ta ɓata mata fararen kaya, ka rasa ta, ka rasa ƙawayenta. Abin da ya shige maka duhu, tambayi waɗanda suka riga ka a kasuwa. Ai matambayi ba ya ɓata.

Ga aikin gida. Daga yau ka ajiye ɗan littafi kusa da kai. Duk tambayar da mai saye ya yi maka, rubuta ta yadda ya faɗe ta, da kalmominsa. Ran Juma'a ka zaɓi uku, ka mayar da kowacce kan rubutu, ka duba ko "ake" ka sa ko "ana".

Allah ya sa albarka a nema. Sai mun haɗu a darasi na gaba.