Gyaran Tsohuwar Mota a Kumasi: Daga Zango Zuwa Magazin

Kumasi, babban birnin ƙasar Asante a Gana, tsohon masaukin Hausawa ne. Goro ne ya fara kai su can. A da fatake a Salaga suke yada zango, amma bayan yaƙin basasar da ya watsa kasuwar Salaga a 1892, da kuma shigar Turawan Ingila Kumasi a 1896, sai 'yan kasuwa suka yi ta gangarowa kudu suna zama a gefen birnin. Daga nan unguwannin baƙi Musulmi suka sami sunan da ake kiran su da shi har yau, wato Zango, ko Zongo a bakin mutanen ƙasar. Jakunan fatake sun daɗe da ɓacewa, mota ta gaje su. A Aboabo da Asawase da Alabar da Sabon Zango, gidaje da yawa abincinsu a kan taya yake. Akwai direban tasi, akwai mai tuƙa ƙaramar bas ta haya da ake kira trotro, akwai kuma masu manyan motocin da ke sauke albasar Nijar da shanun arewa, su koma da goro da katako.

Galibin motocin nan tsofaffi ne tun ranar da suka shigo ƙasar. Ana sauke su a tashar jirgin ruwa ta Tema bayan sun yi shekaru suna aiki a Jamus ko Holan ko Koriya ko Amurka. Irin motar da Bakano zai ce mata 'yar Kwatano, mutumin Kumasi hom-yus yake ce mata. A 2020 majalisar dokokin Gana ta zartar da dokar hana shigo da motar da ta haura shekara 10 da wadda ta yi mummunan haɗari, amma a wannan shekarar gwamnati ta dakatar da aiki da ita bayan dillalai sun koka.

Tsufa kaɗai ba ya kashe mota da wuri. Rashin kula ne ke ƙarasa ta, shi kuwa rashin kula yawanci daga aljihu yake tasowa. Direban haya yana da kuɗin da dole ya kai wa mai mota kullum ko duk mako, abin da a Kano ake ce wa balas. Wani kuma ya karɓi motar ne a kan zai riƙa biya har ta zama tasa. Ranar da mota ta kwana a gareji, ranar ba balas ba kuɗin cefane. Saboda haka sai a ɗaga juyen baƙin mai zuwa mako mai zuwa, a ji ƙara a ƙafar gaba a ce ai tana tafiya. Sai ta tsaya cak a tsakiyar Kejetia sannan a nemi igiya a ja ta zuwa Magazin.

Magazin unguwa ce ta masu gyara a Suame, arewa da tsakiyar gari, a kan hanyar da ta nufi Techiman da Tamale. Sunan ya samo asali ne daga wata ma'ajiyar makamai ta sojan mulkin mallaka, inda maƙera da makanikai suka fara taruwa a shekarun 1930. Da aka tashe su zuwa Suame a farkon shekarun 1960 sai suka tafi da sunan. Ana yawan ƙiyasta masu cin abinci a wurin da mutum 200,000, shi ya sa ake lissafa shi cikin manyan matattarar masu sana'ar hannu a Afirka. Yaran Zango da yawa a can suke koyon aiki, shekara uku ko huɗu ko fiye a ƙarƙashin maigida. A Gana makanike fita ake ce masa, maigidan gareji kuwa masta.

Gwanin masta ba ya fara ɗaukar sifana. Tambaya yake farawa da ita, kamar malamin asibiti.

"Malam, yaushe ta fara?"

"Wallahi Masta, jiya-jiya."

"To, ruwa fa? Sau nawa kake ƙara mata daga nan zuwa Techiman?"

"Sau biyu ne kawai, ai ta saba."

Amsa ta biyu ita ce ta gaskiya. Motar da ta saba shan ruwa a hanya ta yi watanni tana ciwo, jiya dai ta kwanta. (A bakin mutanen Zango za a ji "mota ya lalace", domin Hausar Gana ta bar bambanta namiji da tamata a nahawu. A nan an bi daidaitacciyar Hausa.)

Bayan tambaya sai ido da hanci da kunne. Masta yakan sa yaro ya tayar da inji, shi kuwa ya zagaya baya ya dubi hayaƙin salansa. Baƙin hayaƙi yana nuna mai ya fi iska yawa: ko dai matatar iska ta toshe da ƙurar hunturu, ko kafireta ko nozul na zubar da mai fiye da kima. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce inji na ƙona baƙin mai, wato zobban fistin ko robobin bawul sun cinye. Farin hayaƙi mai kauri wanda ba ya yankewa bayan inji ya yi ɗumi, shi ne wanda direba ba ya son gani, domin ruwa ne ke shiga inda mai ke ƙonewa. Sai kuma a zaro sandar awon baƙin mai a murza a yatsa. In ya yi kauri kamar kwalta, an daɗe ba a juye ba. In ya yi launin shayi da madara, ruwa ya gauraya da shi. In ana jin ɓarɓashin ƙarfe a ciki, to injin ya fara cin kansa.

Kunne shi ya fi wuyar koyo. Masta yakan ɗora bakin doguwar sukuddireba a jikin inji, ya kafa kunne a ƙotarta, yana matsar da ita daga wuri zuwa wuri. Ƙaramar ƙara mai sauri daga sama ta bawul ce, sau da yawa saiti kawai take so. Bugu mai nauyi daga ƙasa, wanda ke ƙaruwa in an taka totur, daga wajen kiranshaf yake, kuma wannan motar bai kamata ta ƙara tafiya ba ko da zuwa ƙofar gareji. Idan mota ta ƙi tashi gaba ɗaya, abu uku ake bi, wuta da mai da iska, kuma daga mai araha ake farawa. An sha sauke sitata alhali kan batir ne ya yi tsatsa. Lafiyayyen batir yakan nuna wajen bolt 12.6 in inji na kashe, ya hau zuwa wajen 14 in yana aiki. In bai hau ba, laifin na abin caji ne ko fanbel, sabon batir ma kwana kaɗan zai yi ya mutu.

Babban abin da ya raba tsohuwar mota da sabuwa shi ne ba ta zuwa da ciwo ɗaya. Wannan ya haifi wancan, har a rasa wanda ya fara. Zafin inji shi ya fi nuna haka. Direba yana cika lagireto da ruwan famfo ko na rijiya, ba tare da maganin hana tsatsa ba. Shekara da shekaru tsatsa da gishirin ruwa suna taruwa har su toshe ƙananan hanyoyin lagireto. Murfinsa ma, wanda aikinsa shi ne riƙe matsi domin kada ruwa ya tafasa da wuri, robarsa ta bushe, wani lokaci ma tsumma ne a madadinsa. Sai mota ta fara zafi a hawa, da lodi fiye da ƙarfinta, a hanyar Tamale mai nisan kusan kilomita 380. Direba ya tsaya, ya kwara ruwan sanyi a inji mai zafi, ya ci gaba. Kan injin, wanda a motoci da yawa na alminiyam ne, sai ya ɗan lanƙwashe, gasket ɗin da ke tsakaninsa da gangar inji ya ƙone. Daga nan ruwa ya sami hanyar shiga baƙin mai, baƙin mai ya daina santsi, ƙarafan da kiranshaf ke juyawa a kansu suka cinye. Ranar da aka ce inji ya buga, a ranar aka ji, amma abin ya faro ne daga murfin da kuɗinsa bai kai na abincin rana ba.

A nan ake gane masta na ƙwarai. Wanda ya canza gasket kawai ya karɓi kuɗinsa, motar za ta dawo kafin wata ya zagayo. Wanda ya san aiki sai ya aika kan injin wurin masu injin gogewa a daidaita shi, ya sa a buɗe lagireto a zazzage, ya duba famfon ruwa da fanka da murfi. Amfanin Magazin ke nan: kowane mataki yana da gwaninsa a nan kusa, yaro ya ɗora ƙarfe a baro ya kai ya dawo. Kiranshaf ɗin da ya ci ba a yar da shi, ana goge shi a rage masa kauri da milimita 0.25, in ya sake ci a kai 0.50, sannan 0.75, kowane karo a sa masa ƙarafan da suka dace da sabon kaurin. Ana faɗaɗa ramin fistin a sa babba. Abin da babu a kasuwa a sassaƙa shi ko a zuba. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Kwame Nkrumah, ta buɗe cibiya a Suame a 1980 domin koya wa masu sana'a aiki da injunan sassaƙa ƙarfe da zubi. A 2013 kuwa masu sana'ar wurin, tare da wasu mutanen Holan, suka haɗa mota sukutum mai suna SMATI Turtle.

Sai dai ba kowane direba ke iya biyan cikakken gyara ba, don haka akwai dabarun lallaɓawa. Wasu masana biyu, Jojada Verrips da Birgit Meyer, sun buga nazari a 2001 a kan wata tsohuwar Fijo 504 ta haya a Gana, inda suka nuna yadda makanikai ke sake wa motar Turai hali domin ta jure hanya da zafin ƙasar. Wasu dabarun masu kyau ne, kamar ƙara ganyen sifirin da ɗaga mota saboda ramuka. Wasu kuwa bashi ne da za a biya daga baya. Kusan duk motar da ta taɓa zafi akan cire mata tamostat, ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya yi ɗumi, a kuma haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyawa, wai abin na ƙasar sanyi ne. Allurar zafi takan sauka, direba ya yi murna, amma lagireton na nan a toshe, injin kuma yana daɗewa bai kai ɗumin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai ba, sai ya ƙara shan mai da saurin cinyewa.

Akwai lallaɓawar da ba ta da uzuri. Fis in ya ƙone, yana faɗa ne cewa wata waya ta goge tana taɓa bodi. Wanda ya naɗa zaren waya a gurbinsa ya toshe bakin mai gargaɗi, kuma da haka mota kan kama wuta. Birki ya fi wannan. Man birki yana shan danshi daga iska, Kumasi kuwa gari ne mai ruwan sama da laima, saboda haka tsohon mai yakan tafasa a doguwar gangara, direba ya taka ya ji ƙafarsa ta nutse. Toshe bututun ƙafa ɗaya da ke yoyo, ko zuba ruwan sabulu a madadin mai, dabara ce da ake yi da rayukan fasinjojin da ba su san an yi ba.

Kayan gyara ma sai an yi hattara. Direbobi da yawa sun fi yarda da tsohon kaya na asali da aka ciro daga motar Turai a kan sabo mai araha wanda ba a san maƙerinsa ba, kuma sau da yawa suna da gaskiya. Amma wannan bai shafi roba da fanbel da matata da takalmin birki ba, waɗanda tsufa kansa ke kashewa.

Motocin da ke shigowa yanzu sun canza aikin. Tun 1996 doka ta wajabta wa motocin Amurka wata kafa da ake jona na'urar bincike a ciki, Turai kuma ta bi sahu a 2001 ga masu fetur. Yau tsohuwar mota ma kwamfuta ce ke auna mata mai da iska, kafireta ta zama sai a tsofaffin tsofaffi. Mastan da ya shekara talatin yana aiki da kunne yakan aika a kira wani saurayi mai na'ura, wataƙila yaron da shi ya koya wa riƙe sifana. Na'urar tana ba da lamba, lambar kuma tana nuna sashen da ke kuka, amma ba ta faɗin dalili. Tana iya cewa ma'aunin iskar salansa na ba da labarin da bai dace ba, alhali ma'aunin lafiya lau yake: wata roba ce ta tsage tana shigar da iska, ko kuwa an riga an yanke tukunyar tace hayaƙi an sayar saboda ƙarfe mai tsada da ke cikinta. Direban da aka sa ya sayi sabon ma'auni a kan lamba kawai, fitilar gargaɗi za ta sake kama masa kafin ya kai Aboabo. Saboda haka a gareji da yawa mutum biyu ake gani a kan mota ɗaya, saurayi a kujerar direba yana karanta lamba, masta a gaban bonet yana bin robobi da wayoyi ɗaya bayan ɗaya da hannu.