Yadda ake haɗa majigi da kwali da gilashi guda

Majigin gida kwali ne da gilashin ƙara girma, sai 'yar na'urar kallon bidiyo ta hannu a cikinsa. Na'urar na iya zama MP4, ko iPod irin wanda kamfanin Apple ya fitar a 2005 mai fuskar inci 2.5, ko kuma wayar salula. Kalmar majigi kanta ta samo asali ne daga sunan Ingilishi na wata fitilar nuna hoto da aka ƙirƙira a Turai a ƙarni na 17. Ta zauna a bakin Hausawa ne a zamanin mulkin mallaka, lokacin da motoci ke zagaya garuruwa suna haska fim a fili.

Ilimin da ke ƙarƙashin abin ya girmi fim nesa ba kusa ba. Ibn al-Haisam, haifaffen Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira kimanin shekara 1000 da suka wuce, ya bayyana cewa haske a miƙe yake tafiya, kuma idan ya bi ta ƙaramar kafa cikin ɗaki mai duhu, hoton yakan fito a kife. Gilashi mai tudu a tsakiya wannan aiki yake yi, sai dai ya fi kafa tara haske.

Da gilashin ake farawa, domin shi ke yanke tsawon kwalin. A riƙe shi a rana har hasken ya taru wuri guda a ƙasa, sannan a auna tazarar. A yi hattara, ɗigon hasken yana ƙona takarda, kuma ba a kallon rana ta cikinsa. Idan tazarar ta zama santimita 20, dole fuskar na'urar ta zauna bayan hakan da kaɗan. A santimita 25 hoton zai fito a nisan mita 1, ya ninka sau 4. A santimita 22 zai fito a mita 2.2, ya ninka sau 10. Ke nan motsin da bai wuce faɗin yatsa biyu ba ya isa ya sauya komai, shi ya sa ake ɗora na'urar a kan wani ɗan kwali da za a iya turawa gaba ko a ja baya.

Sauran aikin ba wuya. A huda gaban kwalin daidai da gilashin, a manne shi da gam ko baƙin salatif, a shafe cikin da baƙin fenti marar sheƙi. Idan cikin fari ne, yana warwatsa haske, hoton ya dusashe.

Tunda hoton a kife yake fitowa, ana juya na'urar kanta ƙasa, a kuma kulle juyawar fuskarta. Ko da an yi haka, rubutu zai fito a baibai, dama ta koma hagu. Maganinsa madubi ne da aka jingina a digiri 45 tsakanin na'urar da gilashin.

Inda yawancin masu gwadawa ke karaya shi ne haske. Kwalin ba ya ƙara ko ɗigo, abin da fuskar ta fitar shi ake shimfiɗawa a bango. Hoton da tsawo da faɗinsa suka ninka sau 10 ya mamaye fili ninki 100, ga shi kuma kaɗan ne daga hasken ke ratsa gilashin. Majigin kanti yana da fitilarsa mai ƙarfi da fankar sanyaya ta, wannan kuwa ba shi da su. Saboda haka a ƙure hasken na'urar, a zaɓi gilashi mai faɗi, a saki labule, a jira dare. Farin bango ko farin zanen gado da aka ɗame ya wadatar. Gefen hoton zai ɗan yi hazo, launuka su zame kaɗan, domin gilashi guda ba ya gyara wannan.

Ba zai cika gidan kallo ba, amma ga malamin firamare da ke son yara su ga yadda haske ke aiki da idonsu, da wuya a sami kayan koyarwa mai arha kamarsa.