Famfon Garinmu Ya Lalace: Wa Za Mu Kai Wa Kuka?

 A wannan wata za mu duba wani al'amari da yawancinmu muke ɗauka na maza ne da 'yan siyasa, alhali mu ne muka fi ɗanɗana kuɗarmu idan ya taɓarɓare, wato harkar ƙaramar hukuma da bukatun ƙauyukanmu.

Idan tuƙa-tuƙar gari ta daina kawo ruwa, uwargida ce ke kwana da tunanin ruwan girki da na wanki. Idan ruwan sama ya cinye kwalbati, mace mai naƙuda ce za a ɗora a amalanke ko a bayan babur a zagaya da ita ta doguwar hanya. Idan iska ta yaye rufin ajin firamare, 'ya'yanmu ne za su koma gindin bishiya. A matsayina na mai koyarwa, na sha ganin yadda 'yan mata ke makara ko su yi fashi gaba ɗaya da zarar bazara ta kankama, kuma in ka bincika sai ka tarar suna layin ruwa ne tun asuba. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke masa yoyo. To tunda mu ne masu ɗakin, ya kamata mu san mai gyara, mu kuma san ta inda ake isa gare shi.

Mece ce ƙaramar hukuma?

Iyayenmu da kakanninmu sun san En'e, wadda take ƙarƙashin sarakuna. A shekarar 1976 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta yi garambawul, aka kafa ƙananan hukumomi kimanin 300 masu tsari iri ɗaya a duk ƙasa. An yi ta ƙara su, har a 1996 suka kai 774, adadin da ake da shi a yanzu. Jihar Kano ce ta fi kowace jiha yawa da 44, Katsina na da 34, Jigawa 27, Kaduna da Sakkwato kowace 23, Zamfara kuma 14.

Kowace ƙaramar hukuma an kasa ta zuwa mazaɓu, kuma kowace mazaɓa tana da kansila guda. Jihar Kano kaɗai tana da mazaɓu 484. Ciyaman shi ne mai zartarwa, kansiloli kuma su ne majalisar da ke duba kasafin kuɗi da kafa ƙananan dokoki. Kenan, 'yar uwa, duk ƙanƙantar ƙauyenku akwai mutum guda da ake biya albashi don ya yi magana da yawunku a sakatariya. Abin tambaya shi ne, kin san sunansa? Kin san gidansu?

Kusa da wannan tsari akwai na gargajiya, daga mai unguwa zuwa dagaci, zuwa hakimi, zuwa sarki. Su ba a hannunsu kuɗin aiki yake ba, amma ana jin maganarsu, kuma takardar da ta biyo ta hannun dagaci da hakimi ba a cika yin wasa da ita ba.

Ayyukan da suka rataya a wuyanta

Kundin tsarin mulki na 1999 ya jera ayyukan ƙaramar hukuma a jadawali na huɗu. Daga ciki akwai gina kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da banɗakunan jama'a tare da kula da su, da gyaran ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, da kwashe shara, da kula da maƙabartu, da rajistar haihuwa da aure da rasuwa. Sannan tana da hannu, tare da gwamnatin jiha, a ilimin firamare da yaƙi da jahilci da aikin gona da kiwon lafiya.

Sanin wannan yana rage wahala. Sau da yawa mutanen gari kan ɗauki kukan babbar hanyar tarayya ko babban asibiti ko makarantar sakandare su kai wa kansila, su dawo suna zaginsa, alhali waɗannan na jiha ne ko na tarayya. Haka kuma wata rijiyar burtsatsen da kika gani aikin mazaɓa ne na ɗan majalisa. Allon da ake kafawa a jikin aiki yakan nuna wanda ya bayar da kwangilar da shekarar da aka yi. Ki sa yaro ya karanto miki shi kafin a fara neman mai laifi.

Ina kuɗin suke shiga?

Daga asusun tarayya da ake rabawa duk wata, kashi 20.60 cikin 100 na ƙananan hukumomi ne, jihohi suna da kashi 26.72, tarayya kuma 52.68. Ban da wannan akwai harajin cikin gida, irin kuɗin rumfar kasuwa da na tasha da na kara. Duk matar da ta aika da ƙosai ko ƙuli-ƙuli kasuwa aka yankar wa yarinyarta rasit, ta zuba nata a wannan asusu.

Shekara da shekaru kason ƙananan hukumomi yana faɗawa ne cikin asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma gwamnoni da yawa sun riƙa naɗa kantomomi maimakon a yi zaɓe. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya shigar da gwamnoni 36. Kotun ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma ce ƙaramar hukumar da ba zaɓaɓɓu ne ke riƙe da ita ba kada a ba ta ko kwabo. Bayan hukuncin ne jihohi da dama, ciki har da Jigawa da Kaduna da Kano, suka gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi a watan Oktoba na 2024. Sai dai aiwatar da batun kuɗin ya yi ta jan ƙafa, har cikin 2025 ana ta kokawa a kai.

Akwai kuma gaskiyar da ya kamata mu sani don mu yi adalci. Kaso mai tsoka na kuɗin yana tafiya ne a albashi, musamman na malaman firamare da ma'aikatan sakatariya. Abin da ya rage na ayyuka shi ne mazaɓu goma ko fiye suke rububi a kai. A irin wannan rabo, garin da ya yi shiru shi ake tsallakewa.

Kwamitoci uku da ya kamata ki sani

Na farko shi ne kwamitin ci gaban mazaɓa, wanda ke sa ido a kan asibitin shakatafi. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, da nufin a samu aƙalla asibiti guda mai aiki a kowace mazaɓa. Wani ɓangare na kuɗin yana shiga asusun asibitin ne kai tsaye, kuma wannan kwamiti yana da ta cewa a kan yadda ake kashe shi. An tanadi kujerun mata a cikinsa. Idan ɗakin haihuwa ba fitila, ko ba ma'aikaciya mace da dare, nan ne wurin faɗa.

Na biyu shi ne kwamitin kula da makaranta, wanda majalisar ilimi ta ƙasa ta amince da kafa shi a 2006. Yana ƙunshe da hedimasta da wakilan malamai da na iyaye maza da mata da na masu gari da malaman addini. A jihohi irin su Katsina da Bauchi da Sakkwato da Zamfara an kafa ƙungiyoyin iyaye mata da ke bin gida-gida suna jawo 'yan mata makaranta. Maganar banɗakin 'yan mata, wadda ita ce ke korar yarinya daga aji idan ta fara girma, uwa ce kaɗai za ta iya kawo ta gaban wannan kwamiti yadda za a gane.

Na uku shi ne kwamitin ruwa da tsafta na gari. Galibi abin da ke kashe tuƙa-tuƙa ba ya wuce robar da ta cinye ko bututu ko sandar da ta karye, kuma makaniken yanki zai gyara cikin yini guda. Matsalar ita ce babu kuɗi a ƙasa ranar da ta lalace. Mu da muka iya adashi, har muna aurar da 'ya'ya da shi, ba zai gagare mu ba mu tsara ɗan abin da kowane gida zai riƙa bayarwa duk ranar kasuwa, a damƙa wa ma'aji mai amana, a rubuta a littafi, a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a.

Kada mu raina maganar ruwa. A 2021 cutar amai da gudawa ta ɓarke a Nijeriya, aka samu sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu, sama da 3,000 suka rasu, kuma Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara suna cikin jihohin da abin ya fi ƙamari. Shekara guda bayan haka, a watan Oktoba na 2022, aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a ƙasar da ta kawar da bahaya a fili a duk ƙananan hukumominta 27. An kai ga haka ne gari bayan gari, da haɗin kan gwamnati da masu unguwanni da dagatai da magidantan da suka haƙa masai a gidajensu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yadda ake kai kuka a ji

Wata za ta ce, ni da nake cikin kulle ina ni ina sakatariya? 'Yar uwa, ba sai kin taka ƙafa ba. Muna haɗuwa a makarantar matan aure, a gidan suna, a gidan biki, a wurin awo. A nan za a fara.

Da farko ku tsayar da bukata guda, ko biyu idan ta yi yawa. Takardar da ta lissafa ruwa da hanya da taki da lantarki da aikin yi duk a lokaci guda, ƙarshenta cikin durowa. Ku zaɓi wadda ta fi ci muku tuwo a ƙwarya.

Sannan ku haɗa hujja. Yaushe famfon ya lalace? Gida nawa ke sha daga gare shi? Nawa ake sayen jarka a wurin 'yan garuwa yanzu, nawa ake saye a da? Yara nawa suka kwanta da gudawa a wannan wata? Ma'aikacin asibiti yana da wannan a rajistarsa. A ɗauki hoto da waya.

Bayan haka a rubuta takarda, da Hausa ma ta wadatar. A sa kwanan wata, a faɗi matsalar a taƙaice, a faɗi abin da gari ya riga ya yi da kansa, sannan abin da ake nema. Mata su sa hannu, wadda ba ta iya rubutu ba ta dangwala. Kowace ta yi wa maigidanta bayani cikin ladabi da lalama, don maza su ɗauki maganar tasu ce, su tayar da ita a majalisar ƙofar dagaci da bayan sallar Juma'a.

A kai takardar ga mai unguwa da dagaci, a ba kansila tasa, a kai guda ofishin ciyaman. Wanda aka aika ya tabbata an buga masa hatimin karɓa a kan kwafin da zai dawo da shi. Wannan kwafi shi ne shaidarku gobe, idan aka ce ba a gani ba.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Shekarar kuɗi ta gwamnati tana farawa ne a Janairu ta ƙare a Disamba, kuma a watannin ƙarshen shekara ake haɗa kasafin baɗi. Ƙaramin gyara ana iya nemansa kowane lokaci, amma babban aiki kamar sabuwar rijiyar burtsatse mai sola ko kwalbati, a shigar da shi tun damina ba ta janye ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga nan sai bibiya. Duk bayan mako biyu ko uku a sa wani ya leƙa. Idan aka ce muku an sa aikin a kasafi amma shiru, akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman bayani a rubuce daga ofishin gwamnati, ta kuma ɗiba wa ofishin kwana 7 ya amsa. Gidajen rediyonmu ma suna da shirye-shiryen ƙorafin jama'a, kuma masu mulki suna saurare. Sai dai a tsaya a kan gaskiya, ban da zagi, ban da ƙazafi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ƙuri'armu da darajarta

Matan Arewa ba su samu 'yancin jefa ƙuri'a ba sai a ƙarshen shekarun 1970, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya sun sha ɗauri sau da dama a kan neman sa. A yau duk wanda ya je rumfar zaɓe a karkara ya san tsawon layin mata. Abin takaici, ana zuwa mana da taliya da sabulu da atamfa ana gobe zaɓe, mu karɓa mu yi guɗa. Taliyar ta ƙare a kwana biyu, famfon kuma ya shekara uku a mace.

Idan mai neman kujerar kansila ko ciyaman ya turo shugabar matan jam'iyyarsa, ku tarbe ta hannu bibbiyu, ku shimfiɗa mata tabarma, sannan ku miƙa mata kwafin takardarku mai hatimi. Ku ce ta kai masa, ya faɗa a gaban dagaci watan da zai yi aikin. Idan ya ci zaɓe ya cika alkawari, ku aika masa da godiya a rubuce kamar yadda kuka aika da kuka, ku kuma kula da aikin kamar kayan ɗakinku, kada a bar yara suna lilo a hannun famfo, kada a bar dabbobi suna taka bakin rijiya.

Don haka, 'yar uwa, kafin fitowa ta gaba ki yi abu uku. Ki binciko sunan mazaɓarku da na kansilanku. Ki tambayi wace mace ce ke wakiltarku a kwamitin asibiti da na makaranta. Sannan ki tayar da maganar a zaman mata na farko da za ki halarta.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya zaunar da ƙauyukanmu lafiya, Ya raya mana zuri'a. Amin. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.